Tarihin Shigar Nazarin Rukuni Cikin Lissafin Makarantun Nijeriya

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin yadda wani reshe na lissafi, wanda za a kira nazarin rukuni a nan, ya baro zauren jami'a a Jamus har ya iso ajin firamare a Nijeriya, da kuma dalilin da ya hana shi daɗewa a can. Abin da ake nufi da rukuni shi ne tarin abubuwan da aka iyakance sarai, ta yadda duk abin da aka kawo za a iya cewa yana ciki ko ba ya ciki. Ranakun mako rukuni ne mai 'ya'ya 7. "Dogayen mutane" kuwa ba rukuni ba ne, domin ba a yanke inda tsawo ya fara ba.

Asalinsa

Georg Cantor, malami a Jami'ar Halle, shi ne ya aza harsashin wannan fanni a shekarar 1874, lokacin da ya nuna cewa rukunan da ba su da iyaka ma wani ya fi wani yawa. A 1880 John Venn na Ingila ya fito da zanen da'irori masu shiga juna, wanda har yau ake amfani da shi wajen nuna abin da rukuni biyu suka yi tarayya a kansa. Daga 1939 wasu masana a Faransa, masu rubutu da sunan Bourbaki, suka ɗauki aniyar gina lissafi baki ɗaya a kan rukuni. Har zuwa wannan lokaci, magana ce ta malaman jami'a.

Al'amarin ya sauya a 1957, sa'ad da Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron Sputnik. Amurka ta ga an sha gabanta, ta zuba kuɗi a gyaran manhajar kimiyya da lissafi. A taron Royaumont na 1959 a Faransa aka ƙarfafa ra'ayin cewa a kusantar da lissafin makaranta ga na jami'a. Wannan shi ne abin da aka sani da Sabon Lissafi, kuma rukuni ne ƙofarsa.

Isowarsa Nijeriya

A 1962 aka fara tarurrukan rubuta littattafai a Entebbe ta ƙasar Yuganda, da tallafin Amurka, domin ƙasashen Afirka masu amfani da Ingilishi. Cikin 'yan Nijeriya da suka yi fice a wannan aiki akwai Grace Alele-Williams. An soma gwada littattafan a wasu makarantun Legas, daga nan suka bazu.

Ba a jima ba ƙorafi ya taso. Iyaye suka kasa taimakon 'ya'yansu da aikin gida, ana kuma kukan cewa yara sun iya zana da'ira amma ba su iya ninkawa da rabawa ba. Irin kukan da Morris Kline ya yi ke nan a Amurka cikin littafinsa na 1973. A Satumba 1976 aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, ajujuwa suka cika, aka ɗebi malaman da ba su sami cikakken horo ba. A Janairu 1977, a wani taro a Binin, Kwamishinan Ilimi na Tarayya, Kanar Ahmadu Ali, ya ba da sanarwar soke Sabon Lissafi a makarantun firamare.

Matsalar Harshe

Abin lura shi ne, tunanin rukuni ba baƙo ba ne ga ɗan Bahaushe. Ya san garken shanu, da damin dawa, da kashin tumatir a kasuwa, da ayarin fatake. In aka ce masa aji na da yara 30, 20 suna jin Hausa, 15 suna jin Fulatanci, babu kuma wanda ba ya jin ko ɗaya, zai iya gano cewa 5 ne ke jin duka biyun. Baƙon abu ɗaya shi ne rukunin da babu komai a cikinsa, domin Bahaushe ba ya kiran turke garke bayan an sayar da shanun. Nan ne ya kamata malami ya tsaya ya yi bayani. Maimakon haka, aka ba yaro alamomi da kalmomin Ingilishi ya haddace, alhali shi da malaminsa ba su zauna da harshen ba.

Kammalawa

Nazarin rukuni bai mutu ba. Yana nan a manhajar sakandare, ana kuma yin tambaya a kansa a jarrabawar WAEC. Abin da ya faɗi shi ne hanyar da aka bi. A shekarar da aka soke Sabon Lissafi, 1977, aka fito da manufar ilimi ta ƙasa wadda ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa. Irin wannan tanadi ba zai yi amfani a ajin lissafi ba sai masana Hausa da malaman lissafi sun zauna tare sun daidaita kalmomin fannin, an kuma horar da malamin firamare da su kafin a miƙa masa alli.