Fibromiyaljiya: magungunan rage ciwo da ake saye ba takardar likita

Fibromiyaljiya ciwo ne da ke bin jiki ko'ina fiye da wata 3, tare da kasala, rashin barci mai daɗi da yawan mantuwa. Ya fi kama mata. Sau da yawa gwajin jini da hoto ba sa nuna komai, domin matsalar tana ƙwaƙwalwa da laka, waɗanda ke ƙara wa saƙon zafi ƙarfi. Babu kumburi a gaɓoɓi. Shi ya sa ƙwayoyin da ake saye a farmasi ba su cika yin tasiri sosai ba.

Farasitamol, wanda ake sayarwa da sunan Doliprane ko Efferalgan, yana ɗan sassauta wa wasu. Babban mutum ba ya wuce giram 3 a rana sai da izinin likita, kuma ana barin aƙalla awa 4 zuwa 6 tsakanin sha da sha. Wuce ƙima na lalata hanta. Magungunan mura da yawa na ɗauke da shi, don haka ana iya ninka shi ba a sani ba.

Ibuprofen maganin kumburi ne. Nazarin da cibiyar Cochrane ta fitar a 2017 bai samu hujjar cewa irinsa na taimakon masu wannan ciwo ba, sai dai yana amfani idan akwai ciwon gaɓoɓi ko na haila a kai. Iyakarsa miligiram 1,200 a rana, bayan cin abinci. Yana iya jawo gyambon ciki da cutar ƙoda, musamman lokacin zafi ko azumi da jiki ke rasa ruwa. An hana shi ga mai ciki daga wata na 6.

Man shafawa mai sinadarin barkono ko mantol, da gashi da ruwan ɗumi, suna kwantar da wurin da ya fi zafi, kuma illarsu kaɗan ce.

Tramadol da ake tallarsa a kasuwa da tasha ba ya cikin wannan rukuni. Yana kama mutum, yana kuma sa farfaɗiya. Amitriptyline, duloxetine da pregabalin ma likita kaɗai ke rubuta su.

A shawarwarin ƙungiyar likitocin gaɓoɓi ta Turai, EULAR, motsa jiki ne ya fi samun goyon baya: tafiyar ƙafa kaɗan kullum, ana ƙarawa sannu a hankali. Wanda ya kwana 5 yana shan ƙwaya ba sauƙi, ko ya ga zazzaɓi, rama ko kumburin gaɓa, asibiti ya kamata ya nufa maimakon ƙara yawan magani.