Kaset ɗin Shata da Ke Ƙasan Akwatinka

Mai sauraro, ko kana bayan garke ko kana hanyar Sinkase zuwa Lome, ga tambaya: ina tsohon kaset ɗin Shata na mahaifinka?

Alhaji Mamman Shata, ɗan Musawa ta ƙasar Katsina, ya rasu ranar 18 ga Yuni, 1999. Ba a takarda yake tsara waƙa ba, a fage yake yin ta, kalangu na amsawa. Shi ya sa Bakandamiyar wannan biki ba ita ce ta wancan ba. An buga wasu a faifai, gidajen rediyo sun adana wasu, wasu kuwa a rikodar 'yan kallo suka tsira, fatake suka gangaro da su kudu.

A 1977 hukuma ta rushe tsohon Zangon Lome, aka mai da jama'a arewacin gari. Ranar ƙaura, wa yake ta faifai? Abin da ya tsira kuma, laimar teku tana cin zarensa.

To, kada ka jefar. Kai shi a kwafe maka a waya, ka tambayi dattawa inda aka ɗauke shi. Wataƙila naka kaɗai ya rage.