Jagaba da Hanyar Gwanja

A cikin ƙarni na 19 fatake sukan tashi daga kasuwar Jega zuwa Gwanja saro goro. Ba su da taswira. Hanya tana cikin kan jagaba, mai tafiya gaban ayari. Shi kuwa da zango yake lissafin tafiya: daga rijiya kaza zuwa kuka kaza yini guda, ga mashigin Kwara, ga garin da sarkinsa ke karɓar fito. Tun yana yaron madugu yake haddace su bi da bi, kamar almajiri mai tilawa. In aka ce 'yan fashin Bargu sun tare gaba, sai ya warware jerin, ya ƙulla wani. Da yaƙin 1892 ya watsa kasuwar Salaga, tilas jagaba ya koma koyon sababbin zanguna.