Kasuwa a Buɗe, Gidan Raino a Rufe: Nazarin Rufe Makarantun Ƙananan Yara a Nima da Maamobi Lokacin Annobar Korona

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin matakan da gwamnatin Gana ta ɗauka a kan gidajen rainon yara daga Maris 2020 zuwa Janairu 2021, ta auna su da yanayin zaman jama'a a Nima da Maamobi, cikin birnin Akra. Dokar kulle kwana 21 ta yi, amma rufe gidajen raino ya ɗauki kwana 305. A tsawon wannan tazara iyaye mata suna fita nema, yaran kuwa sun koma kasuwa, ko hannun kakanni, ko hannun yayyensu mata. Maƙalar ta yarda da rufewar makonnin farko, ta ƙi yarda da abin da ya biyo baya.

1.0 Gabatarwa

Ranar 12 ga Maris 2020 aka tabbatar da mutum biyu na farko da suka kamu da korona a Gana. Bayan kwana uku Shugaba Nana Akufo-Addo ya hana taruka, har da sallar jam'i da ibadar coci, ya kuma umarci a rufe makarantu daga Litinin 16 ga wata. Ranar 30 ga Maris kulle ya fara a Akra, Tema, Kasoa da Kumasi, aka ɗage shi ranar 20 ga Afrilu.

Abin da ake kira gidan raino a nan iri biyu ne. Akwai wuraren ajiye yaran da ba su kai shekara huɗu ba, galibi na masu zaman kansu, waɗanda Dokar Yara ta 1998 ta ɗora a kan majalisun gundumomi da sashen jin daɗin jama'a. Akwai kuma azuzuwa biyu na share fagen firamare, na 'yan shekara huɗu da biyar, waɗanda Dokar Ilimi ta 2008 ta sa cikin ilimin bai-ɗaya. A Zango, wato unguwanni irin su Nima da Maamobi, akwai na uku da takardun hukuma ba su cika lissafawa ba: makarantar allo da Islamiyya, wadda mutanen unguwa ke kira makaranta kawai, kuma ita ma tana riƙe wa uwa yaro na wasu sa'o'i.

Nima ta kafu a shekarun 1930, inda Malam Amadu Futa ya sauka, Maamobi kuma tana maƙwabtaka da ita, babbar kwata ce ta raba su. Tun 2018 Nima tana cikin gundumar Ayawaso ta Gabas, Maamobi tana cikin Ayawaso ta Arewa. Ƙidayar 2021 ta samu fiye da mutum dubu 50 a ta farko, fiye da dubu 60 a ta biyu, a fili ɗan ƙanƙane. Zaman gidan haya ne: iyali a ɗaki ɗaya ko ciki da falo, tsakar gida ta kowa da kowa, da yawa kuma banɗakin kuɗi suke zuwa. Tambayar bincike ita ce: idan an rufe gidan raino a irin wannan wuri, ina yaron yake zuwa?

2.0 Waiwaye

Ta fuskar likitanci maganar ba ta da tsawo. Russell Viner da abokan aikinsa sun tattara binciken ƙasashe da dama a Satumba 2020, suka ga yara ba su kai manya saurin kamuwa ba. Walter Gilliam na Jami'ar Yale ya bi ma'aikatan raino kimanin dubu 57 a Amurka, bai ga waɗanda suka ci gaba da aiki sun fi waɗanda suka zauna gida kamuwa ba. Denmak ta buɗe gidajen raino tun 15 ga Afrilu 2020, Suwidin ma ba ta rufe nata ba.

Inda marubucin wannan maƙala ya saɓa da magabata wuri biyu ne. Na farko, masu auna ɓarnar rufewa da ma'aunin karatu. Sharon Wolf da Elisabetta Aurino da abokan aikinsu sun yi aiki mai kyau a yankin Akra, sun nuna 'ya'yan talakawa da 'yan makarantun gwamnati su suka fi rasa darussan nesa. Gaskiya ne. Sai dai yaran da suka bi 'yan kimanin shekara goma ne, kuma wanda ya ɗauki wannan ma'auni ya kawo shi kan ɗan shekara biyu zai ce ai ba a yi asarar komai ba, tunda ba jarrabawa zai rubuta ba. Daga nan kuskuren ya samo tushe. Gwamnati ta buɗe tashar talabijin ta koyarwa a Afrilu 2020, ta ƙara da shirin rediyo, amma talabijin ba ta goyo, rediyo kuma ba ya hana yaro rarrafawa zuwa murhu. Ga mai sayar da wake da shinkafa a bakin titin Nima, amfanin gidan raino na farko shi ne hannu biyu da yake sakar mata daga safe zuwa la'asar. Haruffa da waƙoƙi daga baya suke zuwa.

Na biyu, masu cewa da an kwaikwayi Ingila, wadda a Maris 2020 ta bar gidajen raino ga 'ya'yan ma'aikatan da ba a iya yi sai da su, sannan a kullen Janairu 2021 ta bar su a buɗe ga kowa alhali makarantu suna rufe. Tsarin farkon ya ginu ne a kan ma'aikaci mai takardar shaida daga wurin aiki. Wa zai rubuta wa mai koko da ƙosai takarda? A dokar kullen Gana kanta masu sayar da abinci suna cikin waɗanda aka yarje wa fita. Ke nan a Nima jerin sunayen zai cinye rabin unguwa.

Ayyukan da suka fi kusa da matsalar tsofaffi ne. Enid Schildkrout, wadda ta rubuta littafi a kan Zangon Kumasi a 1978, ta nuna a binciken da ta yi a Kano yadda sana'ar matan kulle ta rataya a kan yara masu talla da aike. Abin lura, kalmar da Hausawa suka ba dokar korona ita ce dai ta zaman aure: kulle. Amma kullen aure yana tafe da tsarinsa, akwai mai cefane, akwai 'yar aike. Na korona ya zo ba tare da ko ɗaya ba, kuma ya sauka a kan matan Zangon Akra, waɗanda yawancinsu da ƙafarsu suke fita nema. Ƙungiyar WIEGO ma ta daɗe tana rubutu a kan gidan rainon da aka buɗe a kasuwar Makola tun shekarun 1980, wanda ya nuna cewa 'yan kasuwa mata sun gane wannan buƙata tun kafin masana.

3.0 Hanyar Bincike

An karanta jawaban shugaban ƙasa a kan korona daga Maris 2020 zuwa Janairu 2021, da Dokar Taƙaita Zirga-zirga ta 2020, da dokokin yara da na ilimi. An jera ranakun rufewa da buɗewa, aka ɗora su a kan abin da binciken da aka buga ya faɗa game da yaɗuwar cutar a Akra da tsarin zaman Zango.

4.0 Sakamako

4.1 Abin da kalanda ta nuna

Ranar 20 ga Afrilu kowa ya koma kasuwa. Ranar 5 ga Yuni aka dawo sallar Juma'a da mutum ɗari a masallaci. 'Yan ajin ƙarshe na jami'a sun koma ranar 15 ga Yuni, na babbar sakandare 22, na ƙaramar sakandare 29. Ranar 30 ga Yuni aka fara rajistar masu zaɓe, layuka a kowace unguwa. A ƙarshen Yuli aka bar motocin haya na trotro su cika kujerunsu. Filin jirgin sama na Kotoka ya buɗe ranar 1 ga Satumba. Kwana biyu kafin haka, ranar 30 ga Agusta, shugaban ƙasa ya sanar cewa 'yan nazare da share fage da firamare sai Janairu. Aka yi yaƙin neman zaɓe, aka kaɗa ƙuri'a ranar 7 ga Disamba, sannan ranar 15 ga Janairu 2021 aka buɗe wa ƙananan.

Jerin yana bin kusancin yaro da jarrabawa. Ko abincin da gwamnati ta shiga dafawa a Agusta 2020, ga 'yan ajin ƙarshe na ƙaramar sakandare ya tafi, alhali 'yan share fagen makarantun gwamnati da ke cikin shirin ciyarwa, wanda aka fara a 2005, sun rasa nasu kwanon tun Maris.

4.2 Ina yaron ya tafi?

Daga 20 ga Afrilu zuwa 15 ga Janairu kwana 270 ne. Wannan shi ne zuciyar binciken. Umarnin rufewa ya ɗauka cewa akwai wani wuri mai suna gida, mai ƙofa, mai babban mutum zaune a ciki, inda yaro zai tsira daga cuɗanya. A gidan haya na Maamobi yaro yana fita ɗaki ya faɗa tsakar gidan da iyalai da yawa ke girki da wanki, 'ya'yansu kuma duk an sallamo su rana ɗaya. Cuɗanyar da aka kora daga aji ta dawo tsakar gida, ba malama, ba bokitin ruwa mai famfo a bakin ƙofa, ba mai cewa a wanke hannu. Uwa kuma dole ta fita, domin hutun haihuwa na mako 12 da Dokar Ƙwadago ta 2003 ta tanada bai san mai tireda ba, balle hutun annoba. Wadda ba ta fita yau ba, ba ta da na cefanen gobe, ba ta da na zubin adashi.

Hanya ta farko ita ce goyo zuwa kasuwa. A nan akwai hujja mai nauyi. Masu bincike na cibiyar WACCBIP ta Jami'ar Gana, ƙarƙashin Peter Quashie, sun gwada jinin mutane a Akra da Kasoa a 2020 don neman alamar sun taɓa kamuwa. A kasuwanni da tashoshin mota sun samu kusan mutum ɗaya cikin huɗu, a manyan kantunan zamani kuwa kusan ɗaya cikin goma. Duk wanda ya taɓa ratsa kasuwar Nima ranar Laraba, tsakanin buhunan albasa da masu kaya a ka, ba zai yi mamaki ba. To yaron da aka hana zama da tsararrakinsa ashirin, waɗanda su ne mafi ƙarancin haɗari a cikin al'umma, shi ne ya yini a ƙarƙashin teburin uwarsa a wurin da cutar ta fi yawo, ya shiga trotro safe da yamma. Takunkumi ma ba nasa ba ne, domin Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun ce a Agusta 2020 kada a tilasta shi ga ɗan shekara biyar zuwa ƙasa. An gudu daga yayyafi an faɗa mamako.

Hanya ta biyu ita ce a kai wa Hajiya, wato kaka. Wannan ce ta fi ba marubucin takaici, domin ta juya manufar dokar a kanta. Tun farkon annobar an san tsofaffi da masu hawan jini da ciwon suga su cutar ke kashewa. Malamar raino galibi matashiya ce. Rufewar ta ɗauke yaro daga hannun 'yar shekara ashirin da wani abu ta miƙa wa 'yar shekara sittin, kuma uwar da ta yini a kasuwa ita za ta shiga ɗakin tsohuwar da magariba ta ɗauko shi. A al'adarmu kaka ba ta cewa a'a ga jika. Ko likita ya hana, za ta ce kawo min mijina, kawo min kishiyata, ta karɓe.

Hanya ta uku ita ce Yaya. Yarinyar firamare, wadda ita ma aka rufe mata makaranta, ta zama mai raino, wani lokaci da farantin talla a ka. Darasin talabijin da aka tanadar mata yana tafiya tana goye da ƙaninta. A nan binciken Wolf ya dawo da amfaninsa ta wata ƙofa: mai yiwuwa wani ɓangare na karatun da manyan yara mata suka rasa, rainon da aka sauke musu ne ya ci shi.

Gidajen rainon kansu kuɗin wata na iyaye ne ke riƙe da su. Wata goma ba kuɗi, ga haya, ga albashi. Malaman makarantun kuɗi a faɗin Gana sun yi ta kukan rashin biya a wannan shekara, kuma wadda ta kama wata sana'a ba lalle ta dawo aji ba.

4.3 Hujjar masu rufewa

Hujjar tana da ƙarfi a Maris 2020, lokacin da ba wanda ya san halin cutar, mura kuma ta koya wa likitoci cewa yara ne ke yaɗa irin waɗannan cututtuka. A kwana 21 na kulle yawancin iyaye suna gida. Bayan Agusta hujjar ta raunana ƙwarai. Gana ta rufe shekarar 2020 da mamata 335 a lissafin hukuma, sannan ta buɗe wa ƙananan yara a tsakiyar Janairu 2021, daidai lokacin da zagaye na biyu na cutar ke tashi, kafin allurar rigakafin farko ta sauka Akra ranar 24 ga Fabrairu. Idan buɗewa ta yiwu a wannan hali, ta fi yiwuwa a Satumba.

5.0 Iyakar Bincike

Dole a faɗa, ko da ba a so: wannan aiki na takardu ne, bai ƙirga gida-gida ba, don haka bai raba yara kashi-kashi tsakanin hanyoyin uku ba. Gwajin jinin WACCBIP na Akra da Kasoa ne gaba ɗaya, kuma hujjojin likitancin na nau'in cutar na farko ne, daga ƙasashen da ajinsu bai kai namu cunkoso ba. Annobar da ta fi kama yara, kamar ƙyanda, hukuncinta daban ne.

6.0 Matsaya

Rufe gidajen raino daga 16 ga Maris zuwa 20 ga Afrilu 2020 yana da uzuri. Barin su a rufe bayan an cika trotro an buɗe filin jirgi kuskure ne, kuma matan Zango da iyayensu tsofaffi ne suka biya. Maƙalar tana kira ga majalisun Ayawaso ta Gabas da ta Arewa, da Asusun Raya Zango da aka kafa da dokar 2017, da ofishin Babban Limamin Ƙasa Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, su yi rajistar kowane gidan raino da makarantar allo a unguwannin nan tun yanzu, su kuma nemi a rubuta cikin shirin ko-ta-kwana cewa ranar da aka bar uwa ta koma kasuwa, ranar za a buɗe inda za ta ajiye ɗanta.