Damfarar aiki da zambar intanet a Lome: yadda ake gane su da yadda ake kauce musu

Damfarar aiki ita ce a yi wa mutum alƙawarin aikin da babu shi, domin a karɓe masa kuɗi ko takardu, wani lokaci ma har da 'yancinsa. A Agoè-Zongo, unguwar da aka mayar da mutanen tsohon Zongon tsakiyar Lome a 1977, abin ya fi zuwa ta waya: saƙon WhatsApp, talla a Facebook ko TikTok, ko kiran wani ɗan uwa da ke wata ƙasa.

Mutanen Zongo sun saba tura yaro wajen kawunsa a Kumasi, Kwatano, Abidjan ko Yamai don ya koyi kasuwanci, kuma maganar ɗan uwa ta isa shaida. Wannan amanar ita ce masu damfara ke hawa. Sana'ar tana da suna a kowace ƙasa: 419 a Najeriya, daga lambar sashen dokar da ya hukunta zamba, "brouteurs" a Kodebuwa, "gaymen" a Benin da Togo, "sakawa" a Ghana.

Aikin da sai an biya kafin a samu

Wannan ita ce wadda ta fi yawa. Sanarwa takan yawo a zaurukan WhatsApp ɗauke da tambarin wata ma'aikata ko wani babban kamfani, ana neman direbobi, masu gadi ko ma'aikatan sito. Masu nema sukan yarda da sauri idan sun ga sunan wuri sananne, kamar tashar jiragen ruwa ta Lome ko yankin masana'antu na Adétikopé da aka buɗe a 2021. Da mutum ya kira lambar, sai a ce ya tura kuɗin dosiye ta Flooz ko Mixx by Yas, wato tsohon T-Money. Bayan haka sai kuɗin gwajin likita, sai na kayan aiki, sai na wanda zai sa hannu. Ana raba kuɗin ƙanana-ƙanana da gangan, saboda wanda ya riga ya biya sau biyu ba ya son tsayawa ya yi asarar na baya. Ranar da ya ce a nuna masa ofis, layin ya daina shiga.

Ƙa'idar duniya a nan a fili take. Yarjejeniya mai lamba 181 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 1997, ta ce kamfanonin samar da aiki masu zaman kansu kada su caji ma'aikaci kuɗi. Mai ɗaukar aiki shi ne ke biya.

Aikin waje da ke ƙarewa a ɗakin kulle

Wannan ta fi muni, domin takan koma fataucin mutane. Ana yi wa matashi alƙawarin aiki a Kanada, Turai ko ƙasashen Larabawa, a ce ya fara zuwa wata ƙasa maƙwabciya inda za a haɗa masa biza. Iyaye su sayar da fili ko babur su biya. Idan ya isa, sai a karɓe waya da fasfo, a ajiye shi a gida ɗaya da wasu, a ce hanyar da zai mayar da kuɗinsa ita ce ya jawo wasu mutum biyu ko uku.

A watan Afrilun 2025, hukumar 'yan sandan duniya Interpol ta sanar da ceto mutum 33 a Kodebuwa, cikinsu har da 'yan Togo, Benin, Burkina Faso da Ghana. Sun biya kuɗi har dala 9,000 don aiki a Kanada, amma a Abidjan aka tsare su. An riƙa ɗaukar su hoto a manyan shaguna da otal-otal domin danginsu su ɗauka suna can, su ma su biyo baya. Shi ya sa kiran ɗan uwa bai isa hujja ba: mai kiran yana iya zama a tsare, ana gaya masa abin da zai faɗa.

A yankin, sunan QNET, kamfanin sayar da kaya ta hanyar jawo mutane, ya sha fitowa a irin waɗannan ƙararraki. Kamfanin yana cewa 'yan damfara ne ke fakewa da sunansa. Burkina Faso ta haramta ayyukansa a 2024.

Abin bai tsaya a Afirka ba. Ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta a watan Agustan 2023 cewa aƙalla mutum 120,000 a Myanmar da kusan 100,000 a Kambodiya na iya kasancewa a cibiyoyin da ake tilasta musu yin zamba ta intanet. Da yawansu tallar aikin ofis suka bi.

Zambar waya da zuba jari

Akwai mai kira ya ce daga kamfanin waya yake, yana neman lambar sirri don ya "gyara" asusu. Akwai saƙon ƙarya da ke nuna kuɗi sun shigo, sai a kira a ce kuskure ne, a mayar. Akwai mai neman lambobi shida da WhatsApp ke turowa, wanda da su yake ƙwace asusun ya riƙa roƙon kuɗi da sunan mai shi. Akwai kuma "aikin gida" na danna hotuna: a biya mutum 'yan kuɗi da farko, sannan a ce ya zuba nasa don ya hau mataki na gaba.

Masu alƙawarin ninka jari duk hanyarsu ɗaya ce, kuɗin sababbi ake ba tsofaffi. Haka ICC-Services ta rushe a Benin a 2010, MMM a Najeriya a Disambar 2016, CBEX a Afrilun 2025. A Togo, ma'aikatar tattalin arziki da kuɗi ta dakatar da wasu kamfanonin "trading" marasa izini a watan Maris na 2021.

Alamomin da ake dubawa

- Ana neman kuɗi kafin a fara aiki, kuma a lambar wani mutum, ba asusun kamfani ba.
- Albashi ya wuce hankali. Mafi ƙarancin albashi a Togo sefa 52,500 ne tun Janairun 2023. Wanda ya yi alƙawarin ninkinsa goma ba tare da takarda ko gwaji ba, da walakin.
- Ana gaggawa, ana cewa gurbi ɗaya ya rage.
- Ana hana shawara da iyaye ko abokai.
- Babu ofis, babu kwantiragi a rubuce, babu sunan mai ɗaukar aiki.
- Ana cewa za a yi bizar wata ƙasa a wani gida, ba a ofishin jakadanci ko cibiyar biza da aka sani ba.

Yadda ake tantancewa

Hanya mafi sauƙi ita ce tafiya da ƙafa zuwa ofishin da aka ambata, a tambaya a bakin ƙofa. Hukumar samar da aiki ta ƙasa, ANPE, tana wallafa guraben aiki, kuma shafukan gwamnatin Togo suna ƙarewa da gouv.tg. Idan aikin a wata ƙasa yake, zumuncin da mazambata ke amfani da shi yana iya zama kariya: a nemi wani dattijo ko limami a Zongon garin, wanda ba shi da alaƙa da mai tayin, ya je ya ga wurin da idonsa kafin kowa ya hau mota. Wanda zai tafi ya bar kofin takardunsa a gida, kuma kada ya miƙa fasfonsa ga kowa.

Idan abin ya riga ya faru

A daina tura kuɗi nan take, ko da an ce biya na ƙarshe ne. A adana saƙonni, lambobi da shaidar kowane turi. A sanar da kamfanin waya da wuri, sannan a kai ƙara ofishin 'yan sanda ko jandarma. Lambar 'yan sanda ta gaggawa ita ce 117. Togo tana da dokar tsaron intanet ta 7 ga Disamban 2018, da hukumar ANCy, da cibiyar CERT.tg da ke karɓar rahoto. Ƙasar tana cikin ƙasashe 7 da suka shiga samamen Red Card na Interpol, daga Nuwamban 2024 zuwa Fabrairun 2025, inda aka kama mutum 306.

Mayar da kuɗin da suka fita yana da wuya, kuma wasu sukan dawo da sunan lauya ko jami'i su ce za su ƙwato su idan an biya su. Wannan damfara ce ta biyu. Kunya ce ke sa mutane da yawa yin shiru, shirun kuma shi ke barin lambar nan tana kiran maƙwabta. Sanarwa ɗaya a masallaci bayan sallar Juma'a, ko a zauren WhatsApp na dangi, takan hana gidaje da yawa faɗawa ramin da gida ɗaya ya faɗa.