Bikin Gari da Dokar Gwamnati: Yadda Mutanen Ailan Suka Raya Gadonsu

Gabatarwa

Ranar 25 ga watan Nuwamba na shekarar 1892, wani masani ɗan shekara 32 mai suna Douglas Hyde ya ba da lacca a gaban taron masu sha'awar adabi a birnin Dablin. Abin da ya faɗa wa mutanen ƙasarsa a wannan rana mai ɗaci ne. Ya nuna musu cewa kullum suna kukan mulkin Ingila, amma kuma su ne kan gaba wajen yar da harshensu, da sunayensu, da kiɗansu, da wasanninsu, suna ɗaukar na Ingilishi. A ganinsa, al'ummar da ta yi haka ko ta sami mulkin kai ba ta da abin da za ta tsare da shi, don kuwa kayan aro ba ya rufe katara.

Maƙasudin wannan lacca shi ne a bi sawun abin da ya biyo bayan wancan jawabi, watau ajujuwan dare da bukukuwan ƙauye da gasannin adabi waɗanda talakawan Ailan suka shirya da kansu, sa'an nan a gwada su da abin da ya faru sa'ad da gwamnati ta karɓi aikin. Sunan Ailan ba baƙo ba ne a Nijeriya. A Legas ta buɗe ofishin jakadancinta na farko a Afirka cikin 1960, kuma malamanta na mishan sun koyar a makarantu da yawa, har da ta St Louis da ke Kano, inda suka sauka a 1948. Amma kaɗan ne suka san gwagwarmayar da ƙasar waɗannan malamai ta sha a kan harshenta.

Yadda Harshe Ya Ja Baya

Ailan tsibiri ne a yamma da Ingila, kuma tana da harshenta na asali, Gelik, wanda aka daɗe ana rubutu da shi, fiye da shekara dubu. A 1801 aka haɗe ta da Birtaniya, aka rufe majalisarta ta Dablin. Turanci ya zama harshen kotu da kasuwa da neman aiki. Makarantun gwamnati da aka kafa daga 1831 da Turanci suke koyarwa, har a wasu wurare akan rataya wa yaro ɗan guntun itace a wuya, duk sa'ad da aka ji ya yi Gelik sai a yi tsaga a jikin itacen, a yi masa horo gwargwadon yawan tsagar. Abin lura shi ne iyaye da yawa sun goyi bayan wannan, domin sun ga Turanci ne abincin 'ya'yansu.

Sai kuma babbar yunwa ta faɗo a 1845, sa'ad da cuta ta ruɓar da dankalin turawa, wanda shi ne cimar talakawa. Cikin 'yan shekaru wajen mutum miliyan ɗaya suka mutu, wajen miliyan ɗaya kuma suka yi ƙaura, yawanci zuwa Amurka da Ingila. Yankunan yamma da kudu, inda Gelik ya fi ƙarfi, su suka fi jin jiki. Ƙidayar 1851 ta nuna masu jin Gelik sun kai miliyan ɗaya da rabi. A ƙidayar 1891 sun ragu zuwa wajen 680,000, kuma yawancinsu manya ne da tsofaffi. Wannan shi ne halin da Hyde ya tarar.

Aikin Gayya

Tun kafin laccar Hyde an fara yunƙuri ta fuskar wasanni. Ranar 1 ga Nuwamba 1884, Michael Cusack da wasu 'yan mutane suka taru a garin Thurles suka kafa ƙungiyar wasannin gargajiya da ake kira GAA, don raya ƙwallon ƙafa irin na Gelik da wani tsohon wasa na dukan ƙwallo da sanda mai faɗin baki. Hikimarsu ita ce sun gina ƙungiyar a kan unguwa da gunduma, kowane ɗan wasa yana buga wa garinsu, ba kuwa don albashi ba. Har yanzu a kan wannan tsari take.

Ranar 31 ga Yuli 1893 aka kafa Ƙungiyar Gelik a Dablin, bisa kiran wani akawun kotu mai suna Eoin MacNeill, aka kuwa naɗa Hyde shugaba. Hyde ɗan limamin Furotesta ne, alhali yawancin 'yan ƙungiyar Katolika ne, saboda haka aka yi sharaɗi tun farko cewa ba ruwan ƙungiya da siyasa ko bambancin ɗarika. Ginshiƙin aikinta ajin dare ne. Akawu, da ma'aikacin gidan waya, da malamin makaranta, da yaron kanti, bayan sun tashi daga aiki sai su taru a wani ɗaki su buɗe ƙananan littattafan koyon Gelik na Fada Eugene O'Growney. Ƙungiya ta ɗauki malamai masu yawo, waɗanda suke bin ƙauyuka a kan keke, yau a wannan reshe gobe a wancan. Maza da mata suna zama aji guda, abin da ba a saba gani ba a lokacin. Zuwa 1904 rassanta sun kai wajen 600.

Shugabannin sun gane cewa nahawu kaɗai ba ya tara jama'a, don haka suka haɗa karatu da biki. A 1897 aka yi babban taron adabi na ƙasa na farko a Dablin, wanda suka kira Oireachtas, aka ba da kyaututtuka ga waɗanda suka yi fice a rubutu da waƙa da jawabi cikin Gelik. A wannan shekara kuma reshen Landan ya shirya daren kiɗa da rawa na farko irin wanda ya bazu daga baya. A 1898 garin Macroom na gundumar Cork ya yi bikin gari na farko, wanda ake kira feis. A irin wannan biki tsohon manomi da aka saba yi wa dariya saboda bai iya Turanci ba, shi ne yake hawa dandali ya ba da tatsuniya, masu ilimin birni suna zaune suna saurare, a ƙarshe a miƙa masa kyauta. Babbar nasarar bikin ke nan, ya cire wa harshen rigar kunya.

Daga nan ƙungiya ta fara matsa wa hukuma. A 1903 aka mai da ranar Waliyyi Patrick, 17 ga Maris, ranar hutu a Ailan. A 1904 aka yarda a koyar da harshe biyu a makarantun yankunan Gelik. A 1905 'yan ƙungiya suka dami gidan waya da ƙunshin saƙonni masu adireshi da Gelik, a wannan shekara kuma aka gurfanar da wani manomi na Donegal don ya rubuta sunansa da Gelik a jikin amalankensa. Lauyan da ya ɗaukaka ƙararsa, Patrick Pearse, bai ci nasara ba, amma labarin ya game ƙasa. Daga 1913 kuwa Gelik ya zama sharaɗin shiga Jami'ar Ƙasa ta Ailan.

A gefe guda marubuta masu rubutu da Turanci, irin su W. B. Yeats da Lady Gregory, suka ɗebi tatsuniyoyi da tarihin ƙasar suka mai da su wasan kwaikwayo. Suka buɗe gidan wasa na Abbey a watan Disamba 1904. Yadda jama'a suka ɗauki adabi da zafi ya bayyana a 1907, sa'ad da tarzoma ta ɓarke a gidan saboda wani wasa na J. M. Synge da 'yan kallo suka ga ya ci mutuncin mutanen karkara.

Daga Aji Zuwa Siyasa

Wanda ya koyi tarihin ƙasarsa da harshenta, ba da daɗewa ba zai tambayi dalilin da ya sa wani yake mulkinta. A taron ƙungiya na 1915 a garin Dundalk, masu zafin ra'ayi suka sa neman 'yancin ƙasa cikin manufofinta, Hyde kuwa ya ajiye shugabanci. A bikin Ista na 1916 aka yi tawaye a Dablin, kuma yawancin mutum bakwai da suka sa hannu a takardar shelar jamhuriya 'yan ƙungiyar ne, har da Pearse, wanda ya yi editan jaridarta daga 1903 zuwa 1909. Éamon de Valera ma a ajin dare ya koyi Gelik, ya kuma auri malamarsa a 1910. A 1922 gundumomi 26 suka sami mulkin kai, 6 na arewa suka zauna cikin Birtaniya. MacNeill ya zama Ministan Ilimi, Hyde kuma ya zama Shugaban Ƙasa na farko a 1938.

Sa'ad da Gwamnati Ta Karɓa

A nan ne darasin yake ga ma'aikacin gwamnati. Sabuwar hukuma ta ɗauki harshen da gaske. Ta sa a koyar da ƙananan ajujuwa da Gelik, ta mai da shi sharaɗin shiga aikin gwamnati daga 1925, ta kuma sa ba a ba ɗalibi takardar gama sakandare sai ya ci shi. Tsarin mulkin 1937 ya kira shi harshen hukuma na farko. Amma da jama'a suka ga haka sai suka naɗe hannu, suna cewa aiki ya koma hannun masu shi. Rassan ƙungiya, waɗanda suka kai 819 a 1922, suka faɗo zuwa 139 a 1924. Abin da iyaye suka riƙa zuwa koyo da daddare don ƙauna, 'ya'yansu suka tarar da shi jarrabawa. Akawu yakan ci jarrabawar Gelik ya sami aiki, sa'an nan ya yi shekara talatin yana rubuta wasiƙunsa da Turanci. Su kuwa ƙauyukan da suka gaji harshen, talauci bai bar su ba, samarinsu suka ci gaba da ƙaura. A 1953 aka kwashe sauran mazauna tsibirin Blasket, inda fitattun littattafan Gelik na wannan zamani suka fito. A 1973 aka janye sharaɗin takardar sakandare, a 1974 aka janye na aikin gwamnati.

Duk da haka akwai inda hukuma ta yi abin yabo, kuma shi ne inda ta jingina da jama'a. A 1935 ta kafa Hukumar Tattara Adabin Baka a ƙarƙashin Séamus Ó Duilearga. Daga 1937 zuwa 1939 aka sa yara fiye da 50,000 na makarantun firamare wajen 5,000 su koma gida su tambayi iyaye da kakanni da maƙwabta tatsuniyoyi, da karin magana, da magungunan gargajiya, da sunayen gonaki, da labarin yunwa, su rubuta. Aka sami shafi wajen 740,000. Suna ajiye a jami'ar UCD ta Dablin, an sa da yawa daga cikinsu a intanet, kuma a 2017 UNESCO ta sa taskar hukumar cikin kundin abubuwan tarihi na duniya. Kuɗin da aka kashe kaɗan ne, domin malamin ƙauye da ɗalibinsa da tsohuwar gida su suka yi aikin.

Jama'a Sun Sake Tashi

Daga tsakiyar ƙarni na 20 abubuwan da suka yi albarka yawanci daga ƙasa suka taso. A 1951 makaɗa suka taru a garin Mullingar suka kafa ƙungiyar kiɗan gargajiya da bikinta na shekara-shekara, wanda yanzu yake tara dubban ɗaruruwan mutane. Ranar 16 ga Yuni 1954 wasu marubuta, cikinsu har da Patrick Kavanagh da Brian O'Nolan, suka yi hayar keken doki biyu don su bi titunan Dablin da James Joyce ya zana a littafinsa Ulysses, wanda dukan labarinsa ya faru ne ranar 16 ga Yuni 1904. Ba su ma kai ƙarshen hanya ba, amma daga wannan fita aka sami bikin da ake yi kowace shekara a birane da yawa na duniya. A 1969 mutanen yankin Connemara suka tashi neman hakkinsu, har aka buɗe gidan rediyon Gelik a 1972, na talabijin kuma a 1996. A birnin Belfast, inda hukuma ba ta taimaka ba, wasu 'yan iyalai suka gina wa kansu unguwa a 1969, suka buɗe makarantar Gelik a 1971 da yara tara. Iyaye ne kuma suka riƙa kafa irin waɗannan makarantu a biranen kudu, gwamnati ta biyo baya.

Kammalawa

To, ina aka kwana? A ƙidayar 2022 mutum 1,873,997 a Jamhuriyar Ailan suka ce suna jin Gelik, watau wajen kashi 40 cikin 100. Amma waɗanda suke magana da shi kullum a wajen makaranta 71,968 ne kurum. Tazarar da ke tsakanin waɗannan lambobi biyu ita ce ma'aunin abin da aka samu da abin da ya kuɓuce. Bikin gari ya mayar wa mutane da girman kansu, ya tsirar da kiɗa da wasanni da tatsuniya, har ya taimaka wajen haifar da ƙasa. Doka ta ba harshen matsayi da malamai da littattafai. Amma babu ɗayansu da ya iya mai da shi bakin uwa da ɗanta a yawancin gidaje, domin tun a ƙarni na 19 aka yanke wannan igiya, kuma ƙulla ta ya fi yanke ta wuya nesa ba kusa ba.

Saboda haka ɗalibin da har yanzu yake da kaka mai ba da labari da harshen gida, yana riƙe da abin da mutanen Ailan suka yi fiye da shekara 130 suna nema, ya kamata kuwa ya rubuta shi tun tana raye. Shi kuma ma'aikacin da aka ɗora wa raya al'adu, abin da tarihin nan ya nuna masa shi ne ya nemi inda jama'a suka riga suka fara, ya ƙara musu ƙarfi, ya bar ragamar a hannunsu.