Shari'ar Samarin Scottsboro: Lauyan Suna da Lauyan Gaske

Jama'a, ga wani labari daga ƙasar Amurka wanda ya kamata duk mai sha'awar sanin al'amarin shari'a ya ji.

Ran 25 ga watan Maris, 1931, aka tsai da wani jirgin ƙasa na kaya a jihar Alabama, aka sauko da waɗansu samari tara, baƙar fata, matalauta masu yawon neman aiki. Babbansu bai wuce shekara 20 ba. Waɗansu mata biyu farar fata da ke cikin jirgin suka ce samarin sun yi musu fyaɗe. A jihar nan kuwa, a zamanin nan, hukuncin wannan laifi yana kai wa ga kisa.

Kwana 12 kaɗai da kama su aka gurfanar da su a garin Scottsboro. Mutane dubbai suka kewaye kotu, har sai da aka kawo soja don tsaro. To, wa zai tsaya musu? Tun farko alƙali ya ce ya ɗora wa dukan lauyoyin garin wannan aiki. Kayan da aka ɗora wa kowa da kowa kuwa, ba mai ɗauka. Sai da safiyar shari'a aka sami mutum biyu: Stephen Roddy, baƙo daga jihar Tennessee, wanda da bakinsa ya ce bai shirya ba, bai kuma san tsarin kotunan Alabama ba, da Milo Moody, wani tsoho mai shekara 69. Ba su bincika kome ba, ba su matsa wa shaidu da tambaya ba. Cikin kwana huɗu aka yanke wa takwas hukuncin kisa. Sauri ya haifi nawa.

Magana ta kai Kotun Ƙoli ta Amurka. Ran 7 ga Nuwamba, 1932, alƙalai bakwai cikin tara suka rushe hukuncin. Alƙali Sutherland ne ya rubuta dalilinsu, ga kuwa ma'anarsa: in ran mutum ke kan layi, shi kuwa ba shi da halin ɗaukar lauya, ba shi kuma da ilmin kare kansa, tilas kotu ta ba shi lauya, ta kuma ba lauyan lokacin shiri. Watau ajiye mutum kusa da wanda ake tuhuma a kira shi lauya bai biya bukata ba.

Ku dubi bambanci. Da aka sake shari'a a 1933, wani gwanin lauya daga Niyok, Samuel Leibowitz, ya tsaya musu. Ya tsare likitan da ya duba matan da tambayoyi, har ta bayyana abin da ya gani bai yi daidai da abin da suka faɗa ba. Ɗaya daga cikin matan ma ta zo kotu ta ce ƙarya suka yi. Duk da haka mutum 12 ɗin da aka zaɓa su yanke magana, dukansu farar fata, suka sake cewa a kashe Haywood Patterson. Alƙali James Horton ya soke wannan hukunci, sai ga shi a zaɓen 1934 ya rasa kujerarsa.

Ba a kashe ko ɗaya daga cikin taran nan ba, amma ƙuruciyarsu ta ƙare a kurkuku. An saki huɗu a 1937, na ƙarshe kuwa bai fita ba sai 1950. A 2013 jihar Alabama ta yafe wa uku da suka rage, bayan sun daɗe a kabari. Ihu bayan hari ke nan.

Abin lura a nan, samarin ɗaya ne, shaidun ɗaya ne, mai tsaya musu ne ya sake, sai ramin ƙarya ya ƙure. Kowane kuskure na shari'a ana iya gyara shi, ban da wanda aka yi a kan rai. Allah ya kiyashe mu da hukuncin gaggawa, amin.